Ku Ɗinka wa Manhaja Rigar Gida

Ƙannena masu zane a kwamfuta, ku da ke kwana a shagunan buga katin biki da kalanda a Kafanchan da Zonkwa da Kwoi, da ku nake magana. Hannunku ya riga ya faɗa. Wanda ya iya tsara takardar taron coci ko katin ɗaurin aure har mai aiki ya yi murmushi, ya iya tsara fuskar manhaja: launinta, haruffanta, da inda kowane maɓalli zai zauna. Abin da ya rage muku kawai shi ne ku daina ɗauko samfurin Canva kuna sauya suna. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kada wani ya ce muku zane baƙo ne a ƙasar nan. A 1928 masu haƙar kuza suka tono sassaƙen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kai wa masanin kayan tarihi Bernard Fagg wani kai na yumɓu daga yankin Jama'a, wanda aka daɗe da kafawa a gonar doya don tsorata ɓarayin amfanin gona na daji. Ku nemi hotonsa ku ƙura masa ido. Idanu masu kusurwa uku, ƙwayar ido a huje, gashi a gyare tsaf. Fiye da shekara 2,000 ke nan, amma ko a wane gidan tarihi na duniya aka ajiye shi, kallo ɗaya za a ce na Nok ne. Wannan shi ake kira salo, kuma a ƙarƙashin ƙafafunku aka haƙo shi. Ni abin da ke min ciwo shi ne a ce jikokin ƙasar da ta yi wannan aiki suna yi wa ƙungiyar manoman citta zane da launukan da aka tsara wa wani kantin Amurka.

Farawar ba ta da tsada. Ɗauki rigar da manhajar ta zo da ita, wato tsarin fuskarta, ka kwafe ta, ka yi aikinka a kan kwafin. Kada ka taɓa ta asali, don ranar da aka sabunta manhajar guminka zai bi ruwa. Dokokin kwalliyar suna cikin abin da ake kira CSS, kuma layi uku sun isa ka ga canji da idonka. Sauya abu ɗaya, duba, adana, sannan ka matsa gaba. Adanawar nan ka riƙe ta da kyau, kun fi ni sanin yadda ake ɗauke wuta ba sallama.

Launi uku sun wadatar. Fita da wayarka ka ɗauko su: jar ƙasar hanya bayan ruwan sama, koren duwatsun Kagoro a watan Agusta, rawayar citta idan an ɓare ta, ko farin kumfar ruwan Matsirga. GIMP da Inkscape kyauta ne, za su ciro maka lambar kowane launi daga hoto.

Haruffa kuwa, nan ne kuka fi duk wani gwani na waje. Rubuta "ƙarƙashin ɗakin ɓera" da salon harafin da ka zaɓa. In ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwatuna, ko suka fito a karkace kamar baƙi a cikin layi, jefar da shi komai kyansa. Gwada kuma wasulan harshen Tyap masu layi a ƙasa. Salon haruffan Noto da Andika suna ɗauke da waɗannan haruffa, kuma ba a biyan ko sisi. Mai zane a Landan ba zai taɓa tuna wannan ba, domin ba sunan kakarsa ba ne zai lalace.

A shekarar da aka fitar da CSS, wato 1996, aka kafa Gidauniyar Fantsuam a nan Kafanchan. Daga unguwar Bayan Loco ta koya wa mata da matasa kwamfuta a kan tsofaffin na'urori da aka gyara, har ta kai ga raba intanet marar waya ta Zittnet. Su ba su jira kaya sun cika ba. Ku da wayar Android ke aljihunku, me kuke jira?

In ka gama zubin farko, kada ka nuna wa abokin aikinka, yabonka zai yi. Ɗora shi a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, ka nufi kasuwa da tsakar rana, ka miƙa wa mama mai sayar da acca. Ka ce, "Mama, don Allah taya ni nemo inda aka rubuta farashi." Ka yi shiru ka bi yatsanta da kallo. Inda ta runtse ido, ƙara girman harafin. Inda ta tsaya tana lalube, matso da maɓallin. Ka koma shago ka gyara a daren, gobe ka sake kai mata.