Wace Yarda Ce Yarda?

A Oslo ta ƙasar Norwe, likitoci sun yanki tsagin fankiriyas daga mutum 6 da ciwon sukari bai daɗe da kama su ba, domin gano abin da ke sa garkuwar jiki ta afka wa ƙwayoyin da ke samar da insulin. Rahotonsu na 2014 ya nuna an dakatar da aikin saboda matsalolin bayan tiyata, har da zubar jini. Da yardar majiyyatan aka yi, kuma muna jinjina musu. Amma a ganinmu yarda sai ga mai ikon cewa a'a. Mu a Ƙofar Ran, majiyyaci kan sunkuyar da kai don kunya, ya ce wa likita "to" tun bai ji ƙarshen bayani ba.