Soja Da Mai Ba Da Bashi Da Ruwa

Ya ɗan'uwana soja, kai da ka bar gonar ubanka a ƙasar Karaye ko ta Rogo, ka tafi Zariya inda a ke horar da kuratan soja tun shekarar 1924, ga wata tambaya da na ke so mu auna tare. Mutumin da ya rantse zai yi biyayya ga ƙasarsa da shugabanninsa, idan ya faɗa hannun mai ba da bashi da ruwa, bawan wane ne shi? Idan kuwa ya riga ya faɗa, mene ne wajibinsa a gaban Allah da gaban mutane?

Kada ka zaci na zo in kushe bashi ɗungum. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mutum ya kan ranci kuɗin taki wurin ɗan'uwansa da damina, ya biya da kaka, zumunci ya ƙaru. Amma akwai wani irin bashi wanda mai shi ba ya so a biya shi, gama ribarsa tana cikin daɗewar bashin. Kakanninmu sun san shi. Sun ga mai karɓar dami ɗaya da bazara ya mayar da biyu da kaka, sun kuma ga gonar da aka jinginar ta zauna a hannun mai kuɗi har 'ya'yan mai ita suka manta iyakarta. Yau wannan tsohon tarko ya sake kama. Wani yana zaune a bakin bariki, wani kuwa yana cikin wayar da ke aljihunka.

Don me mai wannan sana'a ya ke son soja? Domin ya san albashinka na zuwa kowane wata. Ya san kana nesa da gida, wataƙila a dajin Zamfara ko a ƙasar Borno, matarka kuwa ta aiko cewa yaro ba shi da lafiya, ko kuwa an tashi shuka ba taki. Ya kuma san abin da ka fi tsoro, watau kunya a gaban samanja da hafsanka. Da wannan kunya ya ke ɗaure ka.

Bari mu yi lissafi, gama lissafi ba ya son kai. A ce ka karɓi Naira 50,000, aka ce ruwanta kashi 20 cikin 100 ne kowane wata. Watau Naira 10,000 ke nan a wata. Idan ka shekara kana biyan ruwa kaɗai, ka ba da Naira 120,000, uwar kuɗi kuwa tana nan ba ta motsa ba. Wannan ruwa ya kai kashi 240 cikin 100 a shekara. Ka gwada shi da dokar da aka yi a Amurka a 2006, wadda ta hana a ɗora wa soja mai aiki da iyalinsa ruwan da ya wuce kashi 36 cikin 100 a shekara a irin wannan rance. Sun yi dokar ne domin ma'aikatar tsaronsu ta lura cewa sojan da bashi ya cinye hankalinsa ba ya tsayawa da kyau a bakin aikinsa.

To, yaya za ka gane shi? Ga alamunsa. Ba ya ba ka takarda wadda ta faɗi nawa ka karɓa, da nawa za ka biya, da ranar da bashin zai ƙare. Ya kan roƙi katin bankinka da lambar sirrinsa, ko katin shaidarka na soja, ya riƙe. Ba ya iya nuna maka lasisin hukuma. Da fari ya kan yi maka fara'a kamar ɗan uwarka, amma ran da ka makara sai murya ta sake. Idan na cikin waya ne, ya kan nemi ka buɗe masa sunayen mutanenka da hotunanka kafin ya ba ka ko kwabo, sa'an nan ya aika wa surukinka da shugabanka saƙo cewa kai ɓarawo ne.

Ka sani hukuma ba ta tare da shi. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending Naira miliyan 10 saboda tona asirin masu cin bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansu masu ba da rance ta waya a Legas, a shekarar kuma ta wajabta musu yin rajista, daga baya ta fara fitar da sunayen waɗanda ta amince da su. Tun 2023 kuma kamfanin Google ya hana manhajojin rance taɓa sunaye da hotunan da ke cikin wayar mutum. Saboda haka mai yi maka barazana da tonon asiri ya fi ka abin tsoro a gaban shari'a.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Sa'ad da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, kamar yadda Luka ya ba da labari a sura ta 3, ya gargaɗe su a kan ƙwace da ƙazafi, ya kuma umurce su su gamsu da albashinsu. Ka duba yadda bashi da ruwa ya ke tura mutum ga abin da aka hana shi. Wanda albashinsa ya ƙare tun bai shiga hannunsa ba, shi ne ya ke miƙa hannu ga direba a shingen hanya. Shi ne a ke iya saye da kuɗi kaɗan ya faɗi inda 'yan'uwansa za su kwana. Ashe ya zama mai iyayengiji biyu, na biyun kuwa ba ya jin tausayi.

Wani zai ce, tun da shi ke azzalumi ne, ba zan biya shi kome ba. A'a, ɗan'uwa. Abin da ka karɓa da hannunka, ka karɓa, uwar kuɗi tana wuyanka. Zaluncinsa bai halatta maka cin nasa ba, bai kuma halatta maka ka je masa da kaki da bindiga ba. Amma ruwan da ya ɗora bisa zalunci, wannan abin da za a kai gaban masu hukunci ne. A Littafin Nehemiya sura ta 5, sa'ad da talakawa suka jinginar da gonakinsu saboda yunwa, Nehemiya ya tara jama'a a fili, ya sa manya suka mayar. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun haramta riba, a kan wannan bakinmu ɗaya da su.

Ga hanyar fita. Da fari, ka faɗa wa matarka gaskiya, sa'an nan ka faɗa wa fasto ko limamin bariki, ko hafsan da ka amince da shi, gama ran da ka faɗa da bakinka, igiyar da ya ke riƙe da ita ta tsinke. Na biyu, kada ka ci sabon bashi domin biyan tsoho. Na uku, ka tafi banki a toshe katin da ya riƙe, a ba ka sabo. Na huɗu, ka rubuta dukan abin da ka karɓa da abin da ka biya, ka ajiye saƙonnin barazanarsa, ka kai ƙara ga FCCPC ko ga 'yan sanda. Na biyar, ka shiga adashi da abokan aikinka, ko ƙungiyar gama kai, domin ranar bukata ta same ka da abin hannu.

Ku kuma iyaye da ke gida a Karaye da Rogo, ku rage wa 'ya'yanku nauyi. Kada ku ɗauka wanda ya sa kaki ya zama attajiri. Sau da yawa roƙon biki da na suna da a ke aika masa daga gida, shi ne ya ke kai shi ƙofar mai ruwa.

Allah ya ba ka wadar zuci da ƙarfin halin faɗin gaskiya, ya kuma mayar da kai gida lafiya. Amin.