Yaushe Ya Dace Mutum Ya Bar Aikinsa?

Bahaushe ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, kuma shi dai Bahaushen ne ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsakanin waɗannan maganganu biyu ma'aikacin da aikinsa ya gundure shi yake kwana yana saƙa da warwara. In ya tsaya, rai ba daɗi. In ya ce zai tashi, 'yan uwa su ce ya yi wa Allah butulci. To, shin barin aiki rashin godiya ne, ko kuwa zaman ne rashin zuciya?

A ganinmu, abubuwa uku ne ke haɗuwa su dagula lissafin, wato rai da aljihu da hanya, kuma wajibi ne a auna kowanne daban.

Mu fara da aljihu. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar mai ba ta kai N200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta kai N500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura N1,000. A shekarar 2024 ɗin ne aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga N30,000 zuwa N70,000. Albashi ya ninka biyu da ɗoriya, mai kuwa ya ninka biyar, kuma kuɗin mota man yake bi. Saboda haka albashin gaskiya shi ne abin da ya rage bayan hanya ta ci nata. A ce malami yana zaune a Rijiyar Lemo, makarantarsa tana Mariri, kullum yana kashe N1,500 zuwa da dawowa. A kwana 22 ya ba masu A Daidaita Sahu N33,000. Idan wani wuri ya yi masa tayin ƙarin N20,000 amma ya fi nisa, sai ya ɗauki alƙalami kafin ya yi murna. Haka kuma ya sa fansho da giratuti da hutun ƙarshen zango a kan sikeli, domin makarantar kuɗin da ta fi biya yau tana iya sallamar mutum gobe ba ko sisi.

Sai dai hanya ba kuɗi kaɗai take ci ba, har da rayuwa. Wanda ke ɓata awa biyu kullum a cunkoso ya zubar da awa goma a mako, kuma a cikin waɗannan awowi ne uba ke duba karatun 'ya'yansa, a cikinsu ne kuma marubuci ke zama da takardarsa. Ana iya rama kuɗin da ya salwanta, amma ba mu taɓa jin wanda ya rama la'asar ɗin jiya ba.

Maganar rai ita ce mai wuya. A nan ya kamata mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah: aikin ne na tsana, ko kuwa wurin? Wanda shugabansa ko nisa ya dame shi, amma har yanzu yana jin daɗi idan yaro ya gane darasi, canjin wuri yake buƙata, ba ajiye alli ba. Wanda kuwa zuciyarsa ta fita daga sana'ar ɗungurungum, duk inda aka kai shi da ciwonsa zai tafi.

Tarihinmu bai rasa misalai ba. Abubakar Imam malami ne a Midil ta Katsina kafin ya koma Zariya, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Malam Aminu Kano ya ajiye koyarwa a Maru a 1950 ya rungumi siyasa. Ba wanda ya kira su butulai, domin kowannensu ya san abin da ya nufa kafin ya ɗaga ƙafa. Akwai bambanci tsakanin mai tafiya zuwa ga wani abu da mai gudu daga wani abu. Na biyun ne yakan faɗa rami, domin baya yake kallo.

Muna ganin babban laifi ba ya ga wanda ya tafi. Yana ga wanda ya zauna da gangar jiki alhali zuciyarsa ta daɗe da yin murabus, yana karɓar albashi cikakke, yana ba yara rabin darasi. Wannan ba haƙuri yake yi ba, amana yake ci. Haƙurin gaskiya shi ne ka tsaya ka yi aikin da kyau, tawakkali kuma ba ya hana ɗaure raƙumi.

Mai tafiya ma akwai hakki a wuyansa. Ya shawarci iyalinsa, tun da tukunyarsu ce za ta girgiza. Kada ya saki reshe sai ya kama wani, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kada kuma ya watsar da ɗalibai ana gab da jarrabawar WAEC ko NECO. Ya kammala zango, ya miƙa aiki a tsanake, ya yi sallama ta mutunci, saboda ƙofar da ya fita ta nan wata rana yana iya buƙatar ƙwanƙwasa ta.

Allah Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, Ya kuma sa albarka a cikin abin da muke samu.