Hadda Baiwa Ce, Amma Wa Ke Tsaronta?

Idan yaro ya kwana uku bai wanke allonsa ba, sai a ce daƙiƙi ne, haka Allah Ya yi shi. Ba na musun cewa kaifin ƙwaƙwalwa baiwa ce. Abin da nake musu shi ne a jingina wa ƙaddara ɓarnar da muhalli ya yi. A shekarun 1960 Marian Diamond da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya sun raba ɓeraye gida biyu, wasu cikin 'yan'uwansu da kayan wasa, wasu kowa shi kaɗai a keji fayau. Da aka duba, ɓawon ƙwaƙwalwar na farkon ya fi kauri. Fargaba kuwa akasin haka take yi. Jiki yakan saki sinadarin kotisol lokacin tsoro, idan kuma tsoron ya ƙi ƙarewa, sai sinadarin ya raunana sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon karatu, rassan jijiyoyinsa su tsuke.

To, a auna wannan da yaron Augie. Ambaliyar 2010 da ta 2020 sun cinye shinkafar fadamar Rima, a Nuwamba 2024 kuma 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutane a garin Mera da ke yankin Augie. Yaron da ke kwana yana sauraren ƙarar babur ɗin mahara, ya wayi gari cikinsa babu ko koko, ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, natsuwa ya rasa. Wani zai ce ai ɓera ba mutum ba ne. Gaskiya ne, amma binciken da aka fara a gidajen marayun Romaniya a 2000 ya nuna yaran da aka mayar hannun iyayen riƙo, musamman kafin su cika shekara biyu, sun zarce waɗanda aka bari a gidajen marayun wajen fahimta. Wani kuma zai ce magabata da dorina suka haddace Alƙur'ani. Tsoro na ɗan lokaci yana farkar da hankali, wannan haka yake, sai dai zullumin kullum dusashe shi yake yi. Kuma mahaddatan da suka kai gaci muke ƙirgawa, ba ma ƙirga waɗanda suka jefar da allo suka gudu.

Imani da ƙaddara bai taɓa hana manomin fadama yin shinge ba, kuma malaman Musulunci sun sanya kiyaye hankali cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare. Saboda haka ciyar da almajiri da sauke bulala ba sangarta ba ne, haƙƙi ne. Wadata muhalli ma ba sai da kuɗi ba. Tatsuniyar kaka da dare, langa a dandali, koyon iyo da gora da riƙon homa irin na masuntan Argungu, duk motsa ƙwaƙwalwa ne, kuma su ne farkon abin da iyaye ke hana yaro idan tsoro ya shigo gari.