Cinikin Ibrahim

Ranar da wani dattijon ikkilisiyarmu ya ce, "Ɗana, rufe mana taron nan da addu'a," sai harshena ya manne a ganɗa. Na tattaro kalmomin da na saba ji a bakin masu wa'azi, na jera wa Allah kirari, na ce amin, ban roƙi komai ba. Alhali takardar sallama daga aiki tana ninke a aljihuna tun safe.

Kunya ce, kuma da ita aka rene mu. Yaro ba ya haɗa ido da babba, talaka ba ya shiga fada sai an yi masa iso. Tarbiyya ce mai kyau, amma in ta bi mutum har inda yake durƙusawa, sai ta mai da shi baƙo a gidan Ubansa.

A Farawa sura 18 na fara ganin gaba gaɗi da idona. Ibrahim ya tsaya roƙo saboda Saduma, kuma duk wanda ya taɓa cinikin akuya ranar kasuwa zai gane salon nan take. Ya fara da adalai 50, aka sallama masa. Ya sauko 45, ya sauko 40, da ya ga ƙofa a buɗe sai ya shiga zabtare goma-goma: 30, 20, har 10. Sau shida yana taya, yana ba da haƙuri, yana tuna cewa shi turɓaya ne, amma bai janye ba. Ba da cancantarsa ya dogara ba. Halin Allah ya riƙe, cewa Mai adalci ba zai yi wa nagari da mugu kuɗin goro ba.

Shi ya sa nake tausayin masu zaton gaba gaɗi ƙarfin maƙogwaro ne. Ana kwana ana ihu a lasifika, ana ba Allah umarni kamar ɗan aike, maƙwabta dai su ne da asarar barci. Hannatu a Shilo ko sauti ba ta fitar ba, leɓunanta kawai ke motsi, har Eli firist ya zaci ta bugu, ga ta nan ita ta haifi Sama'ila. Bafarisiyen Luka 18 kuwa bakinsa ba ya sarƙewa, amma mai karɓar haraji ne ya koma gida da yardar Allah.

Wanda ya rasa ta inda zai fara, ga zabura 150, da yawansu kuka ne da ƙorafi ba ɓoye-ɓoye. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki yake cikakke da Hausa, ba sai an aro harshen wani ba.

Da aka tashi daga taron nan, wata tsohuwa 'yar zumuntar mata, wadda labarin aikina ya riga ya kai mata, ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Ɗana, wa kake ɓoye wa? Je ka karanta abin da Hezekiya ya yi." Na duba Sarakuna na Biyu sura 19: Sennakerib sarkin Assuriya ya aiko da wasiƙar barazana, Hezekiya ya karanta, ya hau Haikali, ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji.

Da dare na ciro tawa takardar, na warware ta a kan tabarma, na durƙusa. Na karanta Masa ita daga kwanan wata har sa hannun manaja.