Bi Wayar, Bakanike: Tsohon Babur Mai Ƙafa Huɗu Bai Mutu Ba

An murɗa makulli, fitila ta kama. An danna madannin sitata, shiru. An sake dannawa har yatsa ya yi ja, ko tari injin bai yi ba. Nan take mai babur zai fara zancen tsufa, 'yan kallo su fara ba da shawarar a kai wa 'yan gwangwan. Kai bakanike, kai mai waya, kai yaron gareji da ke tsaye da sifana a aljihu, kar ka bari a yanke wa wannan inji hukunci ba ka saurare shi ba. Naɗe hannun riga, aikinka ya zo!

Ka fara sanin wanda ke gabanka. A 1970 Honda ta fitar da US90, wanda daga baya aka kira ATC90, mai taya uku ɓul-ɓul, don kasuwar Amurka. A 1982 Suzuki ta ƙara taya ta huɗu da LT125. A 1988 kamfanoni suka daina sayar da sababbin masu taya uku a Amurka, bayan yarjejeniya da hukumomin ƙasar kan yawan kifewa da suke yi. A shekarar ce kuma Honda ta fara sayar da FourTrax 300, wanda aka yi ta ƙerawa har 2000. Yau mafi ƙuruciya a cikinsu ya kai shekara 25, amma je ka gonakin Amurka, je ka wajen makiyayan tumaki a Ostiraliya da Niyu Zilan, za ka tarar da su suna jan kaya, suna zagaya shinge, suna ratsa rafi. Ya sha laka, ya sha ƙura, ya kwana a ruwan sama. Injin da ya jure duk wannan, ɗan madanni da bai kai kan babban yatsa ba ne zai kai shi kabari? Ina! Ba a gabanka ba.

Kuma kar girman tayoyin ya razana ka. Hanyar da wuta ke bi a jikinsa ita ce dai wadda ka sani a babur mai sitatan hannu da Keke. Daga batir mai bolt 12 zuwa fis, zuwa makulli, zuwa madanni, zuwa solanoyid, sannan sitata. Madanni ɗan aike ne kawai: ƙaramar wuta yake kai wa solanoyid, shi kuma ya buɗe babbar ƙofa, wuta mai ƙarfi ta bi kaurin waya ta juya sitata. Ɗan aike ya maƙale a hanya, sai a ce maigida ya mutu? Nemo inda ya maƙale!

Kunnenka ne kayan aikinka na farko. Danna ka saurara. Ka ji ƙas daga inda solanoyid yake? To saƙo ya isa, madanni ya fita daga zargi, sai ka koma kan batir, kan wayoyinsa masu kauri, bakin solanoyid ɗin ko buroshin sitata. Batir mai lafiya da ya cika yana nuna wajen 12.6 a mita, in kuwa ya faɗo ƙasa da 10 lokacin da ake dannawa, ya gaji ko ba shi da caji. Fitila na iya kamawa da batirin da ba zai iya juya inji ba, kar haskenta ya yaudare ka. In kuwa shiru ne tsit, duba fis, duba jan makunnin kashe inji ko wani ya ture shi, duba koriyar fitilar firi. Yawancin tsofaffin nan ba sa yarda su tashi sai giya na firi, wasu kuma sai an riƙe birki. Sau nawa aka tsine wa madanni alhali ɗan makunnin firi ne ya yi datti? Karkata kan babur hagu da dama kana dannawa ma gwaji ne, domin waya na karyewa a cikin robarta daidai wuya, inda take lanƙwasa kullum. Bi a hankali, bi da tsari, za ka cim masa.

Akwai dabarar da kowa ya sani, ta haɗa manyan notinan solanoyid biyu da sukudireba a ji ko sitata zai juya. A matsayin gwaji na daƙiƙa ɗaya tana da amfani, amma ni dai ba na ganin ƙimar bakaniken da zai miƙa wa mai babur sukudireba ya ce ya riƙa tayarwa da haka. Wannan haɗin yana tsallake duk wani tsaro. In giya na ciki, abin da ya haura kilo 200 zai zabura ya bi ta kan ƙafar mutum, ga tartsatsi kusa da fetur. Sa firi, ɗaure birki, gwada, ajiye sukudireba. Kai gyara ka zo yi, ka fi ƙarfin rufa-rufa.

To, zargi ya tabbata a kan madanni. Kashe makulli, cire kan batir na nagatif. A irin waɗannan babura madannin galibi yana hannun hagu, tunda dama na totur ne da ake turawa da babban yatsa. Sukurori biyu ko uku ne ke riƙe da gidansa, amma kula: sukurorin Japan na tsarin JIS ne, sukudireba mai kuros da aka saba da ita takan zame ta cinye musu kai. Danna da ƙarfi, murɗa sannu. Kafin ka taɓa komai a ciki ɗauki hoto da wayarka, sannan ka shimfiɗa farin ƙyalle ko ka buɗe shi a cikin leda. Ɗan sifirin da ke ciki bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, in ya yi tsalle ya faɗa ƙasar gareji, sai dai ka yi sallama da shi.

Yanzu leƙa ka gani. Ɗan faifan jan ƙarfe da ya kamata ya yi ƙyalli ya koma kore-kore, ga busasshiyar laka a lungu, wani lokaci har da saƙar gizo-gizo. Shi ke nan fa abin da ya tsayar da inji sukutum! Goge shi da samfefa mai laushi har jan ya fito, amma kar ka ci ƙarfen, siriri ne. Fesa maganin wanke bakin waya, bari ya bushe, shafa ɗan giris na lantarki don ya kore damshi. Sifirin ya yi tsatsa ya saki? Sauya shi. Waya ta ɓalle daga gindinta? Kama ta da dalma, kar ka murɗa ka naɗe da tef, jijjigar hanya ɗaya za ta warware. Sai ka sa mita a gwajin haɗuwa: ka danna ta yi ƙara, ka saki ta yi shiru. A yawancin tsofaffin Honda, rawaya mai jan layi ce ke ɗaukar saƙo daga madanni zuwa solanoyid, wasu kamfanoni kuma launinsu da tsarinsu daban ne, don haka nemi zanen wayoyin wannan samfurin. Wajen rufewa, tabbatar ɗan ƙusar gidan ya shiga raminsa a jikin ƙarfen hannu, kuma ba ka matse waya ba. In robar ta riga ta farfashe, sayi sabon gida ba kunya, amma ƙirga wayoyinsa ka dubi bakin soket kafin ka biya.

Aikin na da takaici, wa zai musa? Yatsa zai yanke, ido zai gaji, mai babur na tsaye a kanka yana duba agogo. Sauya sitata gaba ɗaya ya fi sauri, ya fi kawo kuɗi a yau. Amma wanda aka caje shi kuɗin sitata ya koma gida matsala na nan, zai dawo? Wanda kuwa ka nuna wa koren datti a kan samfefa, ka danna inji ya ɗauka a bugu ɗaya, shi zai kai sunanka inda ƙafarka ba ta taɓa zuwa ba. Da haka ake zama oga, da haka layi ke tsawo a ƙofar gareji, da haka ake cin halak da kai a sama.

Oga, in irin wannan aiki ya shigo, kar ka tura yaronka sayen shayi. Kira shi kusa, ba shi mita, bar shi ya bi wayar da hannunsa har ya gano. Kai kuma ƙanena, in an miƙo maka, karɓa da hannu biyu, ka fara daga batir.