Sanin Ciwon Sukari Wajibi Ne a Kan Mai Shi

Ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako tana kan masu ciwon sukari a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, waɗanda ma'aikatan lafiya kan kira domin a koya musu yadda za su zauna da ciwon, amma su ƙi zuwa.

Malamai sun tabbatar cewa wajibi ne ga baligi ya san hukuncin halin da yake ciki: ɗan kasuwa ya san ciniki, mai dukiya ya san zakka. Jiki kuwa amana ne, kuma tsare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyayewa. Saboda haka wanda Allah Ya jarraba da ciwon da ba a rabuwa da shi, sanin yadda zai bi da shi ya hau kansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

Abincin da muke ci yakan zama sukari a cikin jini, wani ruwa da jiki ke yi, mai suna insulin, shi ke shigar da shi inda zai yi amfani. Idan ruwan ya gaza, sai sukarin ya taru yana cin jijiyoyi sannu a hankali, har ya kai ga makanta, ko ciwon ƙoda, ko shanyewar ɓarin jiki, ko gyambon da ke sa a yanke ƙafa. Likita yakan ga mutum sau ɗaya a wata ko fiye, sauran kwanakin mai ciwon ne ke riƙe da kansa.

Uzurin masu ƙin zuwa iri biyu ne. Akwai wanda shari'a ba ta karɓa. Wani ya ce ya dogara ga Allah, alhali kuwa Manzon Allah ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sa'an nan ya yi tawakkali. Wani yana ɓoye ciwon don kunya, ya manta cewa kunya ba ta hana matan Ansar tambayar abin da ya shige musu duhu ba. Wani da ya ji sauƙi sai ya ce ya warke, ko ya bi mai tallar magani a kasuwa da ya yi masa alkawarin rabuwa da ciwon cikin mako guda. Wani kuma ya yi ta shan zuma domin an ambaci warakarta a Suratun Nahli, bai san ba kowane magani ne ke dacewa da kowace cuta ba, ita kuwa zuma tana ɗaga sukarin jini.

Akwai kuma uzuri na gaskiya: nisan asibiti, kuɗin mota, aikin gona da damina, da tsoron 'yan bindiga a hanya. Ga kuma matar da maigida ya hana ta fita. To, shi wannan maigida ya sani alhakin lafiyarta yana wuyansa. Sauran kuwa nauyi ne a kan jama'a, watau idan marar lafiya ya kasa zuwa wurin ilmi, a kai masa ilmin. Limamai su gayyaci ma'aikacin lafiya ya yi bayani da Hausa bayan sallar Juma'a, a yi wa mata haka nan a makarantun Islamiyya.

Mutanen wannan yanki sun riga sun ga abin da rashin sani ke jawowa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Iyayen ba su yi nufin cuta ba, ba su dai sani ba ne. Da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka yi magani, aka kuma wayar da kan jama'a, sai mace-macen suka ragu.

Abin da ake koyarwa ba ya fin ƙarfin kowa. A rage sukarin shayi da lemon kwalba, a taƙaita tuwo, a yawaita wake da zogale da rama, a riƙa tattaki, kada a bar magani. Mai alwala yana wanke ƙafa kullum, to ya duba tsakanin yatsu ko akwai rauni, ya kuma daina tafiya ba takalmi. Idan ya ji rawar jiki da zufa da jiri, alamar sukari ya faɗi ke nan, ya sha abu mai zaƙi nan take ko da yana azumi, domin Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame. Kafin Ramalana ya nemi shawarar likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.